Inci biyu a banɗakin Inna

Inna ta faɗi a bayi ranar wata Laraba da asuba, tsakiyar damina. Allah ya tsare, ƙashi bai karye ba. Tsugunawa ta yi, da ta zo tashi gwiwa ta ƙi, ta kai hannu ta dafa bango, bangon kuwa duk gansakuka, hannun ya zame. Ta fi rabin awa zaune a wurin ba ta kira kowa ba. Sai da uwargidana ta ga shirun ya yi yawa ta je ta buga ƙofa. Ni a lokacin ina masallacin layinmu ina jan salla, har da zaɓen sura mai tsawo, mahaifiyata tana zaune cikin ruwan masai, tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Duk wanda ya tashi a Sabo ya san yadda gidajenmu suke. Tun 1916 da aka yanka wa kakanninmu wannan fili a Badun, mutane ne ke ƙaruwa, filin yana nan yadda yake. Gida mai ɗaki goma sha biyu, masai biyu a can ƙurya, na tsuguno, da safe kowa da butarsa a layi. Muna yara ba mu ga aibinsa ba. Amma in mutum ya haura tamanin, gwiwa ta ƙare, tsugunon nan azaba ne. Bayan faɗuwar aka kai mata fo ɗaki. Ta karɓa ba ta ce uffan ba, sai dai muka lura ta rage cin abinci, ta rage shan ruwa, don kada a riƙa fitar mata da shi. Wannan ya fi faɗuwar tayar mini da hankali.

Akwai wani ɗan sito jikin ɗakinta inda nake ajiye huhunan goro, ƙafa 5 ta nan, ƙafa 6 ta can. Na kwashe kayan na kai shago, na ce a fasa mata ƙofa ta ciki a yi banɗaki mai masai na zama. Na kira wani dattijon Bayarabe mai aikin famfo, wanda ya daɗe yana aiki a unguwar nan har Hausa ta zauna a bakinsa. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Alfa. Muka yi ciniki, na ba da kuɗin kaya, na kama hanyar Shagamu saboda goro ya sauka kuma wanda ya makara sai ya sayi na hannu na biyu. Kwana uku na yi. Kafin in dawo an haƙa, an kwantar da bututu mai inci 4 ya bi ta ƙarƙashin bangon yamma ya fita zuwa sokawe, an zuba kankare. Bayan mako guda aka yi filasta, aka sa tayil, aka kawo kujerar tangaran fara fes.

Aikin Baba ba shi da makusa, wannan in faɗa tun yanzu. Irin kujerar da muka saya, wadda ke zubarwa ta ƙasa, ana so tsakiyar bakin bututu ya kasance inci 12 daga bangon da za ta jingina. Kuma daga fuskar tayil ake aunawa, ba daga bulo ba, don filasta da tayil sai su cinye inci ɗaya ko fiye. Da yawa a nan suke tafka kuskure. Shi ya yi lissafin wannan tun kafin a zuba kankare. Ya kafa bakin bututun a kusurwa, inci 12 daga bangon yamma, inci 14 daga bangon arewa, kujerar ta jingina yamma tana kallon ƙofa, kamar yadda ake yi a ko'ina.

Kafin a ɗaure, sai na ce a ɗora ta haka nan a kira Inna ta gani. Ta zo da sandarta, jikata na riƙe da ita. Ta dubi tayil, ta dubi kujera, ta daɗe. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ɗaga sanda ta nuna ƙofa ta ce, "Malam, nan wajen ina ne?"

Tun kafin in buɗe baki na gane. Gidanmu bango ɗaya yake da masallaci, jerin ginin duk ɗaya ne. Inda kujerar ke kallo, nan nake kallo sau biyar kullum.

Na ce, "Gabas ne, Inna."

Ta ce, "To." Ta juya ta koma ɗaki.

Ni ne mai tsayawa gaban mutane in ce a daidaita sahu, a haɗa ƙafa. Ni ne na taɓa kawo waya mai nuna alƙibla na nuna wa dattawa cewa daga Badun alƙibla ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, wajen digiri 64 in an ƙirga daga arewa. Amma aka haƙa rami a gidana ban tsaya na minti ɗaya na tambayi inda mai zama zai fuskanta ba. Baba Kirista ne, ba huruminsa ba ne, kuma ban gaya masa ba. Goro ne a gabana.

Da dare na shiga wajenta da niyyar in yi mata bayani, don mas'alar ba baƙuwa ba ce. Hanin fuskantar alƙibla ko ba ta baya lokacin biyan buƙata ya tabbata, Abu Ayyuba al-Ansari ne ya ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma akwai kuma ruwayar Abdullahi ɗan Umar, da ya hau saman ɗakin yayarsa Hafsa ya hango Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana biyan buƙata ya fuskanci wajen Sham ya ba Ka'aba baya. Da haɗa waɗannan biyun ne Imam Malik da Imam Shafi'i suka tafi a kan cewa hanin na fili ne, inda babu abin da ya kare mutum, amma cikin gini babu laifi. Haka yake a Mukhtasar, na ma koma wajen malaminmu da ke karantar da shi na sake tabbatarwa. Hanafawa ne suka ƙi abin ko a fili ko a gini. Wani abin da yara 'yan Islamiyya ke rikicewa a kai shi ne, a cikin hadisin an umarci mutane su juya gabas ko yamma. Wannan da mutanen Madina ake, su da alƙiblarsu take kudu. Mu nan in muka bi lafazin haka kai tsaye, abin da aka hana shi muka yi. Namu kudu ne ko arewa.

Duk na zayyana mata wannan a hankali. Ta saurara har na gama, tana jan carbi. Sai ta ce, "Ku kuka yi karatu, ni ban yi ba. Na yarda halal ne tunda ka faɗa. Amma tun ina yarinya a garinmu ban taɓa yi ina kallon gabas ba, ba kuma zan fara yanzu da ƙafata ɗaya a kabari ba. A bar mini fo ɗina."

Na so in ji haushi. Kuɗi sun tafi, ga hujja a hannuna. Amma da na kwanta na yi ta juya maganar sai na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Shi kansa Abu Ayyuba, da suka je Sham suka tarar da makewayai an gina su suna kallon alƙibla, karkacewa suka riƙa yi suna neman gafara. A masai na tsuguno wannan mai sauƙi ne, ka ɗan juya ƙafa ka kauce, ba wanda ya sani. Iyayenmu haka suke yi shekara da shekaru, shi ya sa ba a taɓa jin rigimar ba. Kujera kuwa ba ta ba ka wannan damar. Inda aka ɗaure ta nan za ka kalla. Mun sauya kayan aiki, ba mu lura mun ƙwace wa tsofaffi wata 'yar dabara da suke kare zuciyarsu da ita ba. Fatawa ta halatta, amma ba fatawa ce za ta zauna a kai ba, Inna ce.

Da safe na kira Baba na gaya masa. Na zaci zai yi faɗa. Dariya ya yi ya ce, "Alfa, rami ai zagaye ne. Kujera tana juyawa duk inda kake so." Muka juya ta, ta ba bangon arewa baya tana kallon kudu. Alƙibla ta koma hagu. Na ce alhamdu lillahi, ashe abin bai kai ya kawo ba.

Ashe da saura. Bangon yamma da yake baya a da, yanzu ya dawo gefen dama, kuma inci 12 ne kawai daga tsakiyar kujera. Masu aikin suna so a bar aƙalla inci 15 ta kowane gefe. Su lissafinsu na kafaɗa ne da gwiwar hannu. Mu kuwa muna da ƙarin buƙata, don da hagu ake tsarki, dama ke riƙe buta. Uwargidana ta zauna da kayanta don gwaji, ta ɗauki buta, gwiwar hannunta ta bugi tayil. Inna ta fi ta jiki. Ta baya kuma, tunda bangon arewa inci 14 yake, sai tanki ya tsaya da tazarar inci 2 tsakaninsa da bango, ba abin da ya tokare shi.

Baba ya ce hanya mai kyau ita ce a fasa ƙasa a sake kwantar da bututu. Na tambayi abin da za a kashe. Tayil duka sai an ɗaga, kuma irinsa ya ƙare a inda muka saya. Sai an sake sara ƙarƙashin bangon da ke ɗauke da rufin ɗakin Inna, cikin damina, a gidan da ya girme ni. Mako biyu ko uku, ita kuma tana can tana ƙin shan ruwa. Na ce Baba, babu wata dabara?

Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani abu da suke kira ofset, amma shi ba ya son sa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wani wuya ne na roba mai kauri da ke shiga tsakanin bututu da gindin kujera. Na yau da kullum miƙaƙƙe ne, bakin sama yana daidai kan na ƙasa. Shi wannan kamar mazurari ne da aka ture kansa gefe, bakin ƙasa ya shiga bututu, na sama ya gusa inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Sai kujera ta zauna a kan bakin sama, ta matsa daga inda ramin yake ba tare da an taɓa bututun ba. Dalilin ƙin da Baba ke masa shi ne, a cewarsa, duk inda aka sa wa ƙazanta kwana to an ba ta wurin hutawa. Miƙaƙƙen bututu faɗawa kawai take yi. A nan sai ta bugi kafaɗar roba tukuna ta gangara. Ya ce akwai wasu dogaye masu faɗi kamar an taka su, da ke gusar da kujera inci 4 ko 6, waɗannan ko kyauta aka ba ni kada in karɓa. Inci biyu shi ne iyakar abin da zai sa hannunsa a kai.

Na shiga shagunan kayan famfo na Iwo Road, sai a na uku na samu. Kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba. Baba ya ja mini kunne in duba abu biyu: cikinsa ya zama sumul ba tudu, kuma ya zama mai zoben ƙarfe da ke juyawa a bakin sama. Amfanin zoben shi ne, ko ta ina ka karkatar da wuyan, ramukan noti za su iya daidaita da bangon baya. In babu shi, sai ka manna ka ga kujera ta zauna a karkace tana kallon kusurwa.

Sai kuma shawarar inda za a kashe inci biyun, don guda ne, buƙata biyu. In an tura arewa, tanki ya jingina da bango, dama ta zauna a matse. In an tura gabas, dama ta samu inci 14, baya ya zauna a buɗe. Baba ya ce ana iya karkatarwa tsakiya, kowanne ya samu kusan inci ɗaya da rabi. Na ce a'a, a ba hannun dama duka. Tanki ba ya tsarki. Bayansa muka ɗaure wa bango guntun katako mai kauri da aka shafa wa fenti, ya cike tazarar, ko ta jingina ba zai motsa ba.

Na rufe shago ranar na tsaya a kansu, abin da ya kamata in yi tun farko. Ya fara cusa tsumma a bakin bututu, don wari da kuma kada ɓaraguzai su faɗa. Ya ɗaga tayil biyu kacal, ya sassare kankare ta gefen gabas, saboda kafaɗar wuyan tana buƙatar wurin kwanciya, ya rage tsawon bututun. Sau uku yana gwadawa ba gam, yana aunawa, yana zana alama da fensir a ƙasa, don gam ɗin bututu ba ya jira, in ya kama ya kama. Da ya manna, ya cike gefen da siminti, aka bari ya kwana. Washegari ya mayar da tayil ta yadda leɓen wuyan ya hau kan tayil, bai nutse ƙasa da shi ba, ya huda ya ɗaure shi da ƙasa. Sai zoben da ke toshe wari da yoyo. Akwai na kaki, akwai na roba. Ya ce kowanne aka sa, sau ɗaya ake sauke kujera a kansa, a miƙe, ba murzawa. Su biyu suka ɗaga, ni na durƙusa ina duba ko notin sun shiga ramukansu. Liman guda da kumatu a ƙasan banɗaki, yaran gida suna leƙe suna dariya. Ya ɗaure notin kaɗan ta nan kaɗan ta can, ya ce in ka matse da ƙarfi tangaran ne, tsagewa zai yi.

Yaronsa ya kwaɓo siminti zai dasa gindin kujerar a ciki, yadda aka saba yi a gidajenmu. Baba ya daka masa tsawa. Ya ce wadda ke kan ofset ba a binne ta, don wata rana za a so a ɗaga, in an binne sai dai a fasa. Ya bi gefen da farin gam, ya bar ɗan wuri ta baya a buɗe, wai in yoyo ya fara a gani da wuri. Muka zuba bokiti biyar a jere, ya wuce. Aka sa ƙarfen dafawa a bangon dama.

Inna ta zo, ta sake nuna gaba da sanda. Na ce kudu ne. Ta ce a fitar da fo ɗin daga ɗakinta.

Labari ya kai masallaci, kun san Sabo. Wani matashi cikin masu bin salla bayana ya same ni ya ce, Malam, ai wannan tsanantawa ce, abin da shari'a ta sauƙaƙa me ya sa za ka wahalar da kanka? Wani dattijo kuma ya ce ai dama haka ya kamata, duk masan da ke kallon gabas a rushe shi. Na ce da dattijon ya zo mu duba na masallacinmu. Guda uku ne, biyu gabas suke kallo, kuma shi da kansa yana cikin waɗanda suka tara kuɗin ginin. Bai sake tayar da maganar ba. Ba mu rushe ba, ba kuma zan ce a rushe ba, na tsuguno ne kuma cikin gini. Shi matashin na ce masa gaskiyarsa a hukunci, amma ya bari sai tasa uwar ta tsufa mu sake zama.

Maganar Baba ta tabbata a mako na uku. Ya toshe. Ruwa ya taso har kusan baki, uwargidana ta aiko yaro shago a guje. Da Baba ya zo, noti biyu kawai ya kwance suka ɗaga kujerar, na ga amfanin tsawar da ya yi wa yaronsa. A daidai kafaɗar wuyan muka tarar da ledar fiya wata, aikin jikoki, ta tsaya ta tare hanya, komai ya taru a bayanta. Amma Baba ya ce ledar kaɗai ba za ta tsaya ba da ana sakin ruwa yadda ya kamata. Da aka bincika, ashe Inna ba ta taɓa danna tankin ba. Da buta take korawa. Ita a ganinta zubar da wannan ruwa duka a kan abu ɗaya almubazzaranci ne. Macen da ta girma tana ɗauko tulu daga rijiya mai nisa, ba ka iya gaya mata lita 6 ba komai ba ne. Kuma ba ta yi ƙarya ba, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 sau huɗu kawai take kora.

Aka sayi sabon zobe, don wanda aka ɗaga ba ya komawa. Na sa ƙaramar sakata a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Batun ruwa kuwa, sai da muka ajiye mata babban bokiti muna tara ruwan wanki da na alwala a ciki, muka ce da shi za ta riƙa korawa, ai ruwan zubarwa ne dama. Wannan ta yarda da shi. Wata bakwai ke nan bai sake toshewa ba, ko da yake duk ranar da na ji ruwan ya ɗan yi jinkirin wucewa sai gabana ya faɗi.

Maƙwabcina na gini yanzu, zai yi wa mahaifinsa irin wannan. Kafin a zuba kankare na sa aka kawo kujerar roba ta biki aka ajiye a wurin, aka kira tsohon ya zauna da butarsa a hannu, ya nuna inda yake so ya kalla, sannan aka ja tef. Bai ɗauke mu minti goma ba.

Inna ta koma cin tuwonta. Da asuba kafin in fita nakan ji ƙarar sandarta a kan tayil, sannan ƙarar bokiti. Ba ta ce mini komai a kan aikin ba har yau. Jiya dai ta aiko uwargidana ta gaya mini wai a faɗa wa Malam ƙarfen dafawar nan ya yi sama da yawa, a sauko da shi kaɗan.